Filin Tambaya da Amsa: Wai Me Ke Cin Duwatsu a Ƙasashen Zafi?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka taru mana wannan karon kusan duk a kan dutse suka faɗo, saboda haka na tsince waɗanda suka haɗa hanya, sauran kuma a yi haƙuri sai wani fitowar.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni abin da ke ɗaure mun kai shi ne manyan duwatsun nan da ke tsaye su kaɗai a fili, za ka ga wani baƙin zane ya gangaro daga sama har ƙasa, wani dutsen ma gaba ɗayansa baƙi ƙirin, amma in aka fasa sai ka ga cikinsa fari ne ko ja-ja. Wani ya ce mun wai rana ce ta ƙona shi. Haka ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa rana tana da hannu a ciki amma ba ƙuna ba ne, wannan baƙin da kike gani abu ne mai rai. Wasu mitsi-mitsin halittu ne suka yi sansani a kan dutsen, yawancinsu irin bakteriyar nan da ake ce wa sayanobakteriya masu haɗa abincinsu da hasken rana, sannan a cikinsu akwai gansakuka da funfuna da wasu bakteriyan da ke rayuwa a kan ragowar da waɗancan suka bari. Ɗai-ɗai ido ba ya ganinsu sai an sa a na'urar ƙara girma, amma in suka taru biliyoyi sai su fitar da wani yauƙi da ke manna su da juna ya kuma manna su da dutsen, su zama wata 'yar siririyar yana da sau da yawa kaurinta ko milimita 1 bai kai ba. Irin wannan yanar ce dai ke taruwa a haƙorin mutum in ya kwana biyu bai goge ba, bambancin kawai masu zaman ciki ne.

To me ya sa baƙi? Ki duba inda suke zaune. Falalen dutse da tsakar rana a ƙasar zafi, samansa yakan haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, ba inuwa ba ƙasa ba komai, ga hasken UV, wato ɓangaren hasken rana mai lahani da ido ba ya gani, yana sauka kai tsaye. Dan haka suke ƙera wani launi su cusa shi cikin yauƙin da ya lulluɓe su ya tare musu hasken, ɗaya daga ciki sunansa saitonemin, shi ruwan ƙasa ne mai duhu, wasu kuma nasu ja ne ko shuɗi-shuɗi, in suka bushe suka taru duka sai ido ya gan su baƙi. Jinsunan da aka fi samu a irin waɗannan duwatsun su ne Scytonema da Stigonema da Gloeocapsa. Kuma suna da wani irin haƙuri, za su bushe ƙayau wata da watanni ki rantse matattu ne, ruwan sama na taɓa su ba a jima ba sun farfaɗo sun ci gaba da aiki. Zanen da kika ce yana gangarowa kuwa hanyar ruwa ce, duk inda ruwa ya saba bi ya daɗe bai bushe ba nan suka fi kauri.

In kina so ki gwada, ki zuba ruwa kaɗan a wurin baƙin ki jira 'yan mintuna sannan ki shafa da yatsa, za ki ji ya yi santsi ya ɗan kumbura, wani lokacin har wani kore-kore ya fito. Ƙuna ba ta haka. Kuma wannan santsin shi ne ke kada masu hawa dutse bayan an ɗauke ruwa, a kiyaye.

Abin duk faɗin yankin zafi ne. Dutsen Pão de Açúcar da ke Riyo a Birazil mai tsawon mita 396, duwatsun dajin Kwaddibuwa, da dutsen Roraima a kan iyakar Benezuwela da Birazil da Guyana, shi Roraima ma a hoto baƙi ne wuluk amma asalin dutsen yashin da ke ƙarƙashi ruwan hoda ne.

Tambaya: Malam ni ɗalibin jogirafi ne. Malaminmu ya ce waɗannan ƙananan halittun suna taimakawa wajen rududdugar da dutse. Gaskiya ban gamsu ba, abin da guduma ke shan wuya a kansa ta yaya abu mai laushi da ko gani ba a yi zai ci shi?

Amsa: Ɗan'uwa malaminku yana kan daidai, kuma rashin gamsuwarka ma tana da hujja, matsalar ita ce ka ɗauki dutse a matsayin abu guda dunƙulalle. Ɗauki ɓallin giranit ka duba shi a haske da kyau. Za ka ga ƙwayoyi iri uku aƙalla a cakuɗe, akwai masu ɗaukar ido kamar gilashi wato kwats, akwai farare ko masu ja-ja wato felsfa, akwai kuma baƙaƙen ɗigo-ɗigo masu sheƙi da ke ɓarewa falle-falle wato maika, baƙar ana ce mata bayotait. Tsakanin kowace ƙwaya da maƙwabciyarta akwai layin haɗi, akwai kuma tsage-tsagen da ido ba ya gani. Su halittun nan ba dukan dutsen suke kai wa farmaki ba, mai raunin ciki suke nema, in ya ruɓe sauran ƙwayoyin ba abin da ke riƙe da su sai su zube da kansu.

Abu na farko ma kafin a zo kan asid, ruwa ne. Dutse tsirara in an yi ruwa yanzun nan zai bushe, amma inda yanar take yauƙin yana shan ruwa ya riƙe, sai ya zama dutsen yana jiƙe na sa'o'i bayan ko'ina ya bushe, kuma duk wani narkewar ma'adini sai da ruwa yake yiwuwa. Sannan shi yauƙin in ya sha ruwa kumbura yake, in ya bushe ya tsuke ya ja abin da yake manne da shi, yau kumburi gobe tsukewa, damina bayan damina, yana cikin ɗan tsagi yana wannan aikin har ƙwayar ma'adinin ta yi girgiɗi ta fita. Ga shi kuma baƙi ne, ya fi farin dutse zuƙar zafi, dan haka fatar dutsen tana ƙara zafi da rana ta huce da dare, wannan ma yana gajiyar da ita.

Sai maganar sinadarai, nan ne abin ya fi daɗi. Duk mai rai da ke numfashi yana fitar da iskar kabon dayoksaid, in ta narke a ruwan da ke maƙale cikin yanar sai ta zama asid mai rauni. Funfuna kuma da liken, wato haɗin gwiwar nan ta funfuna da gansakuka da ke fitowa kamar tabo-tabo masu toka ko ruwan ɗorawa a kan dutse, suna fitar da nasu asid ɗin, wanda ya fi shahara shi ne oksalik, akwai sitirik ma. Waɗannan ba narkarwa kaɗai suke ba, suna da wani hali na cafke ƙarfe da alminiyam da kalsiyam su zare su daga jikin ma'adinin su tafi da su cikin ruwa. Wasu bakteriya da funfuna ma suna da sinadari na musamman da suke saki dan farautar ƙarfe kawai, saboda suna buƙatarsa kuma a dutse yake a kulle. Ka ga kenan ba ɓarna suke da niyya ba, abinci suke haƙa, fotasiyam da fosfaras da ƙarfe da maganiziyam, wanda tsiro ke samu a ƙasa su a dutse za su nemo.

Bayotait ita ce ta fi shan wahala. Tunda falle-falle take, zaren funfuna wanda kaurinsa 'yan maikiromita ne, wato ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, yakan kwanta a kanta ko ya kutsa tsakanin fallayen, ya tsotse fotasiyam ɗin da ke riƙe su, ƙarfen ciki ya yi tsatsa, fallayen su buɗe su kumbura, kumburin ya tsaga felsfa da kwats ɗin da ke gefe. Jan tabon da kake gani kewaye da baƙin ɗigo a tsohon giranit tsatsar kenan. Felsfa ita ma a hankali sai ta rasa fotasiyam da sodiyam da kalsiyam ta koma farin yumɓu. Kwats shi ne mai taurin kai, yawanci shi ke saura ya zama yashin da ke taruwa a gindin dutse.

Amma fa shi ma kwats ɗin akwai mai maganinsa, kuma ta hanyar da mutane ba sa zato. Kowa asid yake tunani, alhali sayanobakteriya da rana akasin haka suke yi, suna zuƙe kabon ɗin da ke cikin ruwan dan haɗa abinci, sai ruwan ya karkata ɓangaren kanwa, ma'aunin pH, wato na gane tsami ko kanwa, ya tashi, kuma silika wato sinadarin da aka gina kwats da shi tana saurin narkewa da zarar pH ya haura 9. Masanin tsirrai ɗan Jamus Burkhard Büdel da abokan aikinsa sun nuna haka a 2004 a kan dutsen yashi a Afirka ta Kudu, inda wani jinsi mai suna Chroococcidiopsis ke zaune 'yan milimita a ƙarƙashin fatar dutsen, inda haske ke ɗan ratsawa amma zafi da bushewa sun ragu, yana narkar da abin da ya manne ƙwayoyin yashin har fatar ta ɓamɓare ta faɗi, su kuma su ƙara nutsawa ciki su sake farawa. Da rana kanwa, da dare in numfashi ya yi rinjaye a koma ɓangaren tsami, dutsen dai ba hutu.

In dutsen farar ƙasa ne kuwa wanda ake siminti da shi, shi ai huda shi suke kai tsaye su shige. A tsibirin Grand Cayman da ke tekun Karibiyan akwai wani fili da ake kira Hell, duk baƙaƙen duwatsu ne masu tsini da ramuka kamar soso, kuma tun 1973 masana suka bayyana cewa ƙananan gansakuka masu huda dutse ne suka sassaƙa shi haka.

Guduma sau nawa za ka buga ka gaji? Su kuwa shekara dubbai suke a wurin, kowace damina.

Tambaya: Salam Malam. To kenan jar ƙasar nan da marmara da ke ko'ina a ƙasashen zafi duk aikin waɗannan halittun ne? Kuma me ya sa abin ya fi yawa a wuraren zafi?

Amsa: Wa alaikumus salam. A'a, kar mu ba su abin da ba nasu ba, nan ne nake ganin wasu masu rubutu suna zuzutawa fiye da kima. Yanar da ke saman dutse aikinta a fata ne, milimita kaɗan. Ita kuwa ruɓaɓɓiyar ƙasar da ke ƙarƙashin dazukan zafi zurfinta yakan kai gomman mita, wasu wuraren har kusan mita 100 kafin ka taɓa lafiyayyen dutse, kuma wannan aikin ruwa ne mai ɗumi da ya shafe miliyoyin shekaru yana tsiyaya ta cikin tsagogi. Rai yana da hannu a can ma, saiwoyi da ƙwayoyin halittar cikin ƙasa suna cika ruwan da kabon dayoksaid da asid kafin ya sauka, amma waɗannan wasu ne daban da baƙar yanar da ke shan rana a sama.

Wani abin ma da zai ba ka mamaki, dutsen da ke binne a cikin ƙasa mai danshi ya fi wanda ke tsaye a sarari saurin ruɓewa nesa ba kusa ba, domin na binnen kullum a jiƙe yake, na sararin kuwa ruwa gangarewa yake ya bar shi. Shi ya sa manyan duwatsun nan suke tsaye har yau, kewayensu ya ruɓe ruwa ya kwashe, su suka saura. Muhimmancin yanar shi ne a irin wannan wurin da ba ƙasa ba saiwa, ita kaɗai ce mai rai da ke taɓa dutsen, ita ke buɗe ƙofa. Garin da ta marmasa da gawarwakinta suna taruwa a ɗan kwarmi, gansakuka mai ganye ta kama, ciyawa ta biyo. Ga shi wasu daga cikinsu kamar Scytonema da Stigonema suna kama naitirojin daga iska, ruwa ya wanko shi zuwa gindin dutsen, wannan na daga dalilan da ke sa ka ga gindin irin waɗannan duwatsun ya fi kewayensa duhuwa, bayan ruwan da ke taruwa a wurin.

Batun zafi kuma, ƙa'idar da masana kimiyyar sinadarai ke yawan kawowa ita ce, ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin haɗuwar sinadarai. Haɗa wannan da ruwan sama mai yawa da rashin hunturun ƙanƙara da zai tsayar da komai na rabin shekara. Ruwan yana wanke duk abin da zai narke, har silika, ya bar ƙarfe da alminiyam da ba sa tafiya. Ƙarfen ya yi tsatsa ya ba ƙasar ja, in ya taurare ya zama marmara, inda alminiyam ya fi yawa kuma a samu boksait, wanda ƙasar Gini ce ta fi kowa arzikinsa a duniya.

Tambaya: Malam duwatsun cikin kogi fa, waɗanda suke baƙi suna sheƙi kamar an shafa musu mai, su ma haka ne?

Amsa: Wannan kusan wani abu ne daban. A mafi yawan lokuta ɓawon ƙarfe ne da wani danginsa mai suna manganis da ruwan kogin ke ajiyewa a kan dutsen, yana ambaliya yana janyewa. Masani ɗan Jamus Alexander von Humboldt ya ga irinsa a gangaren kogin Orinoko a 1800, ana kuma samu a kogin Kwango da Nilu. Akwai bakteriyan da ke iya sa manganis ya daskare haka, dan haka ana ganin da hannunsu, amma shi wannan ƙari ne a kan dutsen ba ci ba. In ka jiƙa ba ya kumbura, in ka kankara da wuƙa ma da ƙyar.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni magini ne, shekaruna sun ja. In dai haka suke cin dutse, ai gara a riƙa kankare su daga tsofaffin gine-ginen tarihi da duk wani ginin dutse ko? Me ake jira?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Da ma haka hankali zai fara kawowa, kuma an yi hakan a wurare da yawa, sakamakon ne bai cika daɗi ba. Yanar nan tana ci, amma kuma tana rufewa. Tana tare dukan ɗigon ruwan sama, tana riƙe ƙwayoyin da suka riga suka yi girgiɗi, sannan a kan dutsen farar ƙasa asid ɗin oksalik da liken ke fitarwa yana haɗuwa da kalsiyam ya zama wani ɓawo da ya fi asalin dutsen wuyar narkewa. Sai ka ga an kankare liken an tarar da wurin da yake ya ɗan fi kewayensa tudu, ma'ana inda ba shi ruwa ya fi ci. Wanne ya rinjayi wanne, cin ko rufewar, ya danganta da irin dutsen da irin halittar da yanayin wurin, ba amsa guda.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Angkor a Kambodiya. Haikalin Angkor Wat an gina shi a ƙarni na 12 zamanin sarki Suryavarman na II, da dutsen yashi a waje da marmara a ciki da harsashi, kuma hukumar Unesco ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1992. Bangayensa duk baƙar yana ce da kore da tabon liken. A ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 an yi masa gagarumin wanki da buroshi da sinadarai, masana suka yi ta ce-ce-ku-ce a kai, kuma baƙin ya dawo abinsa. Sannan da aka kwatanta haikalin Ta Keo wanda aka sare dajin da ya rufe shi a farkon ƙarni na 20 da na Beng Mealea da ya daɗe cikin daji, sai aka ga zanen sassaƙar da ke fili cikin rana da ruwa ya fi saurin ɓarewa, na cikin inuwa da liken ya lulluɓe kuwa ya fi zama lafiya. Wata babbar ɓarnar ma a can daga kashin jemage take, ruwa yana jiƙa shi ya kwashi gishirin ciki ya shiga dutsen, bakteriya masu sarrafa sulfa da naitirojin su ƙara da nasu asid ɗin, gishirin ya daskare a cikin ramukan dutsen ya fasa shi daga ciki, shi ya sa gindin ginshiƙai ya fi lalacewa.

Ni a ganina Baba, in gini ne na yau da kullum mai lafiyayyen dutse kuma baƙin ne kawai ya dame ku, ku wanke da ruwa da buroshi mai laushi, ba laifi. Abin da za ku guje wa shi ne buroshin waya da injin feshi mai ƙarfi, domin suna ɗauke fatar dutsen da yanar ta riga ta raunana, su bar wuri mai kaushi da ramuka wanda ya fi riƙe ruwa, sabuwar yana ta zo ta kama fiye da da. Bilic na wanki kuma yana barin gishiri a cikin dutsen. In akwai sassaƙa ko rubutu a jiki kar a taɓa sai masu gyaran kayan tarihi sun duba, su sukan gwada magani a ɗan ƙaramin wuri su jira su gani kafin su ci gaba.

Kuma kafin komai ku bi baƙin zanen da ido zuwa sama ku ga daga ina ruwan ke zubowa, indararo ne ya karye ko rufi ke yoyo ko danshi ne ke tasowa daga ƙasa. In ba a gyara wannan ba, ko sau nawa aka wanke bayan damina ɗaya ko biyu za ta dawo daidai inda take.